Shin Ko Kun San? Daga Bakin Binuwai Zuwa Dausayin Bilma

Mutumin Garwa da ya saba ganin Binuwai ya cika ya batse da damina, masunta na kai da komo a kwale-kwale, da wuya ya yarda akwai garin da akan shekara ba a ga hadari ba, amma ana noma, ana ciniki, ana biki da suna. To akwai shi, kuma tsohon abokin hulɗar ƙasarmu ne. Yau filin namu arewa ya nufa, zuwa Bilma ta Jamhuriyar Nijar da 'yan'uwanta garuruwan dausayi. Ga abin da ya kamata matafiyi ya sani kafin ya ɗaura guzuri.

RUWA A ƘASAR ƘISHIRWA

Shin ko kun san cewa in mutum ya tsaya a kan gadar Binuwai a Garwa, ya fuskanci arewa sak, ya miƙe ba karkata, bayan kilomita dubu da 'yan kai Bilma zai faɗa? Garuruwan biyu kusan a layi ɗaya suke a taswira. A tsakaninsu akwai duwatsun Mandara, da Maiduguri, da Ngigmi a gefen Tafkin Cadi, daga nan sai tuddan yashi iyakar ganin ido.

Shin ko kun san cewa Garwa kan samu ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, Bilma kuwa ko 20 ba ta kaiwa? Hadari ɗaya mai ƙarfi na watan Agusta a Garwa ya fi rabon Bilma na shekara ɗungurungum.

Shin ko kun san daga ina mutanen garin suke samun abin sha da na ban-ruwa? Bilma tana gindin tsaunin Kawar, wani dogon gefen dutse da ya miƙe kimanin kilomita 150 daga kudu zuwa arewa. A gindinsa ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, wani wurin ma da kansa yake ɓuɓɓugowa. Mutanen Marwa sun san irin wannan: in Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga sun ƙafe da rani, akan tona yashin a ɗebi ruwa. Sai dai na Marwa ajiyar daminar bara ne, na Kawar kuwa mafi yawansa ya kwanta tun zamanin da Sahara take da ciyawa da tafkuna.

Shin ko kun san cewa ruwan wancan zamanin ya taɓa bi ta ƙofar Garwa? Kimanin shekara 7,000 da suka wuce Tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, wato kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin Kamaru. In ya tumbatsa sai ya malalo ta kwarin Mayo Kebbi, ya faɗa Binuwai, ya gangara teku.

Shin ko kun san cewa hazon hunturu da ke rufe Garwa, ya busar da leɓɓa, wani lokacin har ya hana jirgi sauka, mafi yawansa ƙurar gindin wancan tafkin ce? Daga kwarin Bodele na arewacin Cadi take tasowa, wurin da masana suka ce babu inda ya kai shi fitar da ƙura a duniya. Iska kan ɗauke ta har ta tsallaka da ita tekun Atlantika zuwa dajin Amazon.

Shin ko kun san cewa ruwan sama masifa ne a Bilma? Da ƙasa mai gishiri ake gina gidajen garin, tana ganin ruwa sai ta narke. A watan Agustan 2006 an yi wani mamako da ya rushe ɗaruruwan gidaje, dubban mutane suka kwana a fili.

Shin ko kun san cewa garin da ya ga zafi sama da maki 48 a watan Yunin 2010, shi ne kuma da hunturu sanyin dare kan kai inda ruwa ke daskarewa? Wanda ya je da rigar shan iska kawai, don ya ji an ce hamada, zai kwana yana karkarwa. Bargo da rawani suna cikin guzuri.

GISHIRI DA DABINO

Shin ko kun san cewa gishirin Bilma rana ce ke dafa shi? A Kalala, dab da garin, ana haƙa ramuka har a tarar da ruwa. Ruwan ya riga ya jiƙa gishirin da ke cikin ƙasa, sai rana ta yi ta shanye shi, ɓawo ya taru a sama. Masu aiki su shiga su farfasa ɓawon ya nutse, wani ya sake taruwa, haka har ramin ya cika. Launin ramukan ya sha bamban, wani ja, wani ruwan ɗorawa, wani fari fat. Da tsakiyar bazara, lokacin da zafi ya fi tsanani, aikin ya fi auki.

Shin ko kun san cewa ba iri ɗaya ake fitarwa ba? Akwai beza, farin gishiri mai tsabta na miya. Akwai kantu, wanda ake kwaɓawa da ƙasa mai gishiri, a zuba a mazubin da aka fafe daga kututturen dabino, a kife shi ya bushe ya fito da tsini, nauyinsa kimanin kilo 20. Akwai kuma ƙananan curi masu faɗi da ake kira foshi.

Shin ko kun san cewa dabbobi ne manyan masu cin kantu? Saniya da raƙumi da tunkiya in ba su lasa ba sai su rame, nono ya ja baya. Abin da ke kai makiyayan Adamawa da garkunansu maɓuɓɓugar kanwa ta Vina kusa da Ngaundare, shi ne ke sa makiyayin Damargu ko na Gobir ya sayar da akuya ya sayi kantu.

Shin ko kun san cewa dabino yana da mace da namiji, kuma sai manomi ya haɗa su? In lokacin fure ya yi, mai gona kan hau namijin ya yanko furensa, ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana cusawa. Namiji ɗaya ya ishi mata da yawa, shi ya sa ba a cika barinsa ya ci wuri ba. Mai son iri na ƙwarai kuma ba ya shuka ƙwallo, ɗan da ya tsiro a gindin uwa yake cirewa ya dasa. A inuwar dabinon ake yin 'yan fangalin albasa da tumatir da ciyawar dabbobi.

Shin ko kun san cewa garin gishiri da dabino ba ya iya ciyar da kansa? Geron da ake tuwo da fura a Kawar daga kudu yake zuwa. Tun tale-tale cinikin musaya ake yi: a kawo gero da cuku da kilishi da tufafi, a tafi da gishiri da dabino. Shekarar da aka yi fari a ƙasar Hausa, ko hanya ta rufe, mutanen dausayi su ma sai sun ji a jikinsu.

MASU GARI DA MASU AYARI

Shin ko kun san cewa Barebari da Tubawa ne masu garin? Barebari sun fi riƙe ramukan gishiri, Tubawa sun shahara da kiwon raƙuma da gonakin dabino da sanin hanya. Abzinawa baƙi ne masu zuwa da ayari. In an haɗu wurin ciniki, sau da yawa da Hausa ake fahimtar juna, saboda haka Bahaushen Garwa ba zai nemi tafinta ba.

Shin ko kun san cewa sunan Kawar ya shiga littattafai tun kafin a kafa mafi yawan biranenmu? Masanin tarihi Ibn Abdul Hakam ya rubuta cewa Uƙba bin Nafi'u ya iso yankin a wajen shekara ta 666. A ƙarni na 12 Al-Idrisi ya ba da labarin garuruwansa da cinikin alif da ake yi a can. A ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Borno ya kai yaƙi har Kawar don riƙe hanyar Fazzan.

Shin ko kun san cewa har yau ayarin gishiri bai mutu ba? Da kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, Abzinawan Kel Ewe da Kel Geres kan ɗaura wa raƙumansu kaya su ratsa hamadar Tenere, tazarar kusan kilomita 600 tsakanin Agadas da Bilma. In sun dawo Abzin sun huta, sai su yi kudu da gishirin zuwa kasuwannin Damagaram da Maraɗi da ƙasar Kano, su yi rani a can, su sayi gero su koma gida kafin damina. A farkon ƙarni na 20 Faransawa sun ƙiyasta ayari ɗaya da raƙuma 20,000. Yanzu manyan motoci sun kwashe kaso mai yawa na cinikin, ayarin ya ragu ainun.

Shin ko kun san cewa a tsakiyar Tenere ayari ba ya tsayawa da rana? Tun sassafe ake tashi, a yi ta tafiya har dare ya raba. A bisa tafiya ake dama gari da dabino da cuku a sha, a bisa tafiya ake dafa shayi a ɗan murhun hannu a miƙa wa na kan raƙumi. Dalili a fili yake: ruwan salka ƙidayayye ne, kowace sa'a da aka ɓata daga cikinsa ake cirewa. Madugu uban tafiya shi ke gaba, da rana yana duba inuwa da kwanciyar yashi, da dare yana bin taurari.

Shin ko kun san cewa raƙumin ayari shi ke ɗaukar abincinsa? Babu ko tsinke a hanya, don haka tun a Abzin ake yankan ciyawa a ɗaure dami-dami. Akan ajiye wasu damman a kan hanya don dawowa, kuma al'adar hamada ta hana wani ayari ya taɓa ajiyar wani. Raƙuman ma akan ɗaure musu baki kada su ci kayan na gabansu.

Shin ko kun san cewa akwai itaciyar da aka kai gidan tarihi? Wata ƙaya ce tilo da ta tsaya a Tenere kusa da rijiya, saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Masu ayari ba sa karya reshenta ko don dafa shayi. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, a gurbinta kuma an kafa ta ƙarfe.

Shin ko kun san cewa kafin Bilma sai an yada zango a Faci? Ƙaramin dausayi ne da Barebari ke kira Agram, kimanin kilomita 160 yamma da Bilma. A tsakiyarsa akwai tsohuwar ganuwa cike da manyan rumbunan ƙasa, inda mutanen gari kan shige da abincinsu in mahara sun kawo hari.

ZAREN DA YA ƊAURE KAWAR DA AREWACIN KAMARU

Shin ko kun san cewa Turawan farko da suka ga Tafkin Cadi ta Bilma suka bi? Denham da Clapperton da Oudney sun taso daga Turabulus, suka yada zango a Bilma a watan Janairun 1823. A watan Afrilu Denham ya bi rundunar Borno har Mora, fadar Mandara, kuma da ƙyar ya tsira da ransa a harin da rundunar ta kai wa Fulani.

Shin ko kun san cewa wannan hanya ta sha hawayen mutanen ƙasarmu? Hanyar Borno zuwa Fazzan babbar hanyar bayi ce. An kamo mutane daga duwatsun Mandara, da ƙasar Musgum, da Adamawa, aka kora su a ƙasa ta Kawar zuwa kasuwannin Murzuk da Turabulus. Denham ya rubuta cewa ya ga ƙasusuwan mutane birjik a bakin rijiyoyin hanya. Wanda ya je yawon buɗe ido ya tuna da su, ya yi musu addu'a.

Shin ko kun san cewa Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya ga Binuwai ya kuma ga Bilma? A ƙarshen 1850 ya biyo ayarin gishiri daga Abzin zuwa Damargu. Ranar 18 ga Yunin 1851 ya tsaya a mahaɗar Binuwai da Faro, yamma da Garwa, ya wuce Yola inda Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. A 1855 ya koma gida ta Bilma, tare da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu. Labarin da Dorugu ya bayar na wannan tafiya yana cikin littafin Magana Hausa na 1885, kuma yana daga cikin tsofaffin labaran tafiya da aka buga da Hausar boko.

Shin ko kun san cewa Bajamushen da ya kafa tutar ƙasarsa a Duwala a watan Yulin 1884 tsohon baƙon Kawar ne? Gustav Nachtigal ya ratsa ta Bilma a 1870, ɗauke da kyaututtukan sarkin Furushiya zuwa ga Shehu Umar a Kukawa.

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin rundunonin Faransa da suka yaƙi Rabe a Kuseri ta kusa ƙarewa a wani dausayi? Ayarin Foureau da Lamy ya taso daga Aljeriya a 1898, ya maƙale wata da watanni a Iferwan cikin Abzin saboda raƙumansa sun mutu. Ranar 22 ga Afrilun 1900 aka gwabza a Kuseri, Rabe da Lamy duka suka faɗi. Bilma kuwa sai a 1906 Faransawa suka kafa sansani a cikinta.

'YAN'UWAN BILMA

Shin ko kun san cewa akwai dausayin da ake noman lemo da rumman? Timiya ke nan, cikin duwatsun Abzin, fiye da kilomita 200 arewa maso gabas da Agadas. Raƙumi ko sa ke jan guga daga rijiya, ruwa ya bi ƙoramu zuwa lambuna. Kusa da garin akwai wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse.

Shin ko kun san cewa a arewacin Kawar akwai garin da sauro ya fi mutane yawa? Jado kufai ne na gine-ginen ƙasa a kan tudu, kewaye da kududdufai da dabino. Tubawa kan zo lokacin girbi su tafi. A 2014 aka gano zinariya a yankin, dubban matasa suka kwarara can daga Nijar da Cadi da Sudan da wasu ƙasashe.

Shin ko kun san cewa ba sai an kai Tenere ake ganin dausayi ba? A ƙaramar hukumar Yusufari ta Jihar Yobe akwai na Bulatura da tuddan yashin Tulo-Tulowa. A ƙasar Manga, wajen Gure da Maine Sorowa, akwai ɗaruruwan kwaruruka masu dabino da goriba da kanwa. A Cadi kuma akwai Faya mai tarin dabino, da tafkunan Uniyanga guda 18 da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012.

KAFIN A ƊAURA KAYA

Shin ko kun san cewa miƙaƙƙiyar hanya ba ita ce mai sauƙi ba? Tsohuwar hanyar Borno ta Ngigmi da rijiyar Agadem tana nan, kuma a yankin Agadem ɗin ne ake haƙo man da matatar Damagaram ke tacewa tun 2011. Amma tuddan yashinta da rashin tsaron gefen Tafkin Cadi sun sa matafiyi daga Garwa ya fi dacewa ya zaga ta Yola da Kano da Damagaram zuwa Agadas. A can sai ya tsaya ya ga hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sabunta a 1844.

Shin ko kun san cewa sefar Garwa ba ta cin kasuwa a Agadas? Darajarsu ɗaya, sunansu ɗaya, amma ta Kamaru bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya ke buga ta, ta Nijar kuwa na Afirka ta Yamma. A canza tun kafin a yi nisa, a riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, a nemi bayanin izinin shiga ƙasa tun daga gida.

Shin ko kun san cewa daga Agadas ba a kama hanyar Dirku da Bilma da mota ɗaya? Babu kwalta, akwai 'yan fashi, kuma mutane da yawa masu neman tsallakawa Libiya sun mutu da ƙishirwa a wannan hanya bayan mota ta lalace ko direba ya ɓata. Ana tafiya ne cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji, da direban da ya san hanya, da ruwa fiye da yadda ake zaton za a buƙata. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Shin ko kun san cewa a ƙaramin gari kowa ya san baƙo ya sauka tun kafin ya kwance kaya? A fara da gaida mai gari da liman. Kowace bishiyar dabino da kowane ramin gishiri da mai shi, kada a tsinka ko a ɗiba sai an ba da izini. Kada a yi wanka ko wanki a bakin maɓuɓɓugar da ake sha. Kada a ɗauki hoton mata ko na masu aiki ba a tambaya ba. In an zuba shayi a zauna a sha zubi uku, tashi bayan na farko rashin ladabi ne. Tsarabar da ta fi daraja a can ita ce ganyen shayi da sukari da goro.

Masu karatu, tafiya mabuɗin ilimi ce, amma ba ta gaggawa ba. Wanda Allah ya nufa da zuwa ya jira lokacin sanyi, ya tambayi halin tsaro a wurin hukuma, ya bi waɗanda suka san hanya, ya sayi gishiri da dabino a hannun masu yinsu ba tare da matse su a ciniki ba.